Na auri mai ƙaramin kamfanin faifai

Mijina ba mawaƙi ba ne, ba kuma makaɗi ba. Duk wanda ya ji cewa harkar waƙa yake yi, abin da yake fara nema shi ne in faɗa masa sunan waƙarsa guda, sai in ce ba shi da ko ɗaya. Aikinsa shi ne ya ji waƙar wani ta shiga ransa, ya ɗauki nauyin fitar da ita duniya. Shi ke biyan situdiyo, shi ke nemo wanda zai tace sauti, shi ke sa a zana bango, ya aika masana'anta a buga faifai, sannan ya bi shaguna da gidajen rediyo da 'yan jarida yana roƙon a saurara. A takarda kamfani ne, da suna da rajista da tambari. A zahiri kuwa mutum ɗaya ne da kwamfuta da tebur a kusurwar falonmu, sai ni da nake taya shi naɗe kaya idan oda ta yi yawa.

Abin da ya ja ni gare shi tun farko yadda yake sauraro ne. Lokacin da yake nemana ya taɓa kunna min wata waƙa da wata yarinya ta ɗauka da wayarta a ɗaki, ana jin ƙarar fanka a bayan muryarta. Ni fankar na ji, da murya mai rawa. Shi kuwa ya rufe ido, ya shimfiɗa tafin hannu a kan tebur, da aka zo wani wuri ya ɗaga yatsa ya ce, "Saurara nan, inda ta ja numfashi kafin kalmar ƙarshe." Ya mayar da ita baya, na sake ji, sai na kama abin da yake nufi. Ta yi shakkar furta kalmar, sannan ta daure ta furta. Tsigar jikina ta tashi. Daga baya na lura haka yake sauraron mutane ma. Idan ina ba shi labari ba ya katse ni, kuma bayan kwanaki sai ya dawo min da wata magana da na faɗa a wuce, ya tambaye ni me ke bayanta. Ban taɓa samun wanda ya saurare ni haka ba, a kan wannan na amince na aure shi.

Bai ɓoye min komai ba. Tun kafin aure ya gaya min cewa kamfanin ba ya ciyar da kowa, yana da aikin albashi da rana, kamfanin na dare ne da ƙarshen mako. Ya ce mafi yawan kasuwar waƙa ta duniya tana hannun manyan kamfanoni uku, Universal da Sony da Warner, su kuma ƙananan irin nasa suna rayuwa ne a kan waƙoƙin da manyan ba za su tsaya kallo ba. Na ce na ji na yarda. Sai da muka zauna ɗaki ɗaya na san nauyin abin da na yarda da shi.

A hankali na koyi sana'ar, domin ba yadda za a yi ki zauna da mutum irinsa ba ki koya ba. Faifan garmaho, wanda da yawa suka ɗauka ya mutu, shi ne abin da ya fi ƙauna, shi ne kuma ya fi cin kuɗi. Bayan an gama tace sauti, ana yanka waƙar da allura a kan wani farantin alminiyam mai shafe da wani abu mai laushi. Daga wannan ake fitar da hatimin ƙarfe, hatimin ne ake danna wa narkakkiyar roba da zafi har ta zama faifai. Kowane gefe na babban faifai yana ɗaukar minti 20 zuwa 22 cikin daɗi. In aka cusa fiye da haka sauti ya ragu, kuma waƙar da ta faɗa can kusa da tsakiya ba ta fita tas kamar ta bakin faifai. Saboda haka yana iya kwashe dare yana jera waƙoƙi goma, ya sa wannan gaba ya dawo da waccan baya, yana buga wa mawaƙin waya suna gardama.

Kafin masana'anta ta buga duka, tana aiko da 'yan ƙwayoyi na gwaji, farare ba zane. Ranar da suka iso gidanmu yakan koma wani iri. Sai yara sun yi barci, ya kashe duk abin da ke ƙara, ya goge faifan, ya sauke allura a hankali, ya zauna da takarda da biro. In ya ji "ƙas" a wani wuri sai ya rubuta mintin, ya ɗauko na biyu ya saurari daidai wurin. In ƙarar ba ta dawo ba, ƙura ce. In ta dawo a kowane faifai a wuri ɗaya, aibin yana jikin hatimi ne, kuma in ya sa hannu a haka, duk ɗari ukun ko ɗari biyar ɗin da za a buga da shi za su fito. In ya ƙi sa hannu, a sake yanka, a sake jira, wani lokaci a sake biya. Na sha zama kusa da shi a irin wannan dare. Yakan juyo ya ce, "Kin ji?" In ce na ji, ko in ce ban ji ba, kuma yana ɗaukar amsata da muhimmanci. Waɗannan darare suna cikin mafi daɗin zamanmu.

Kuɗi kuwa fitarsu da wuri ce, dawowarsu a makare. Masana'anta tana karɓar nata kafin ta saki kaya. Kamfanin da ke rarraba faifai zuwa shaguna yana cire kasonsa, ya biya bayan wata biyu ko uku, ya kuma riƙe wani abu saboda kayan da shaguna za su iya dawo da su. Na intanet kuma sai an saurari waƙa sau dubbai kafin a ga abin kirki, domin manhajojin sauraro suna tara kuɗin wata ne wuri guda su raba gwargwadon yawan sauraro, wanda ke da miliyoyi shi ke kwashe kaso mafi tsoka. Tun 2024 ma Spotify ba ya lissafa wa waƙa komai sai an saurare ta sau 1,000 a cikin shekara. Mai ƙaramin kamfani kullum kuɗinsa suna hanya, ko suna kwance cikin kwali.

Duk da haka akwai abu ɗaya da ban taɓa ganin ya yi wasa da shi ba, wato haƙƙin mawaƙa. Tsarinsa shi ne in an cire abin da aka kashe, a raba riba biyu daidai, rabi na mawaƙi rabi na kamfani. Ya ce ba shi ya ƙirƙiro ba, ƙananan kamfanoni irin Rough Trade na Landan sun yi suna da wannan tsari tun ƙarshen shekarun 1970. Duk wata shida yana zama ya fitar wa kowane mawaƙi lissafinsa, faifai nawa aka sayar, nawa aka bayar kyauta ga 'yan jarida, nawa suka fashe a hanya, nawa intanet ta kawo. Na taɓa ganin ya ɓata yamma guda yana bin diddigin wani ɗan abin da bai kai kuɗin aika faifai ɗaya ba, na wani makaɗi da ya daina harkar tuntuni, har lambarsa ta canza. Na ce masa mutumin nan ya manta da shi ma. Ya ce, "Ai ni ban manta ba, kuma ba nawa ba ne." Sai da ya nemo shi ta hannun wani ɗan'uwansa ya tura masa. A ranar na ƙara jin cewa ban yi zaɓen banza ba.

Amma gidan da ake wannan amana a cikinsa yana biyan wani abu da ba ya shiga lissafin kowa. Kwalaye sun fara daga kusurwar falo, suka shiga ƙarƙashin gado, suka hau saman kabad, suka cinye ɗakin da na so in gyara wa yara. Faifai ba ya son zafi, ba ya son a kwantar da shi, dole a jera shi a tsaye a wuri mai sanyi, saboda haka ɗakin da ya fi iska a gidan na kwalaye ne. Na ce ya bar su a siton masu rarrabawa. Sai ya ba ni labarin gobarar da ta cinye wani babban sito a Enfield da ke Landan a watan Agustan 2011, lokacin tarzoma, inda kayan ƙananan kamfanoni da dama suka ƙone dare ɗaya. Ya ce ba zai tara komai wuri guda ba. Hujjarsa gaskiya ce, na kuma yarda da ita, sai dai ni ce nake kewaya kwali kafin in kai taga.

Kwalaye ma da sauƙi. Abin da ya fi ci min rai shi ne kunnen nan nasa da na aura ya zama na kowa, ni ce ta ƙarshe a layi. Mawaƙi zai kira tsakar dare yana kuka cewa ba zai iya ƙarasa kundinsa ba, maigidan ya tashi zaune ya lallashe shi har asuba. Washegari in ina gaya masa abin da ya same ni a wurin aiki, sai in ga idonsa a kaina, hankalinsa yana can wurin wata takarda da masana'anta ba ta amsa ba. Ba faɗa yake yi ba, ba wulaƙanci ba. Gajiya ce, ya ba wasu duk abin da yake da shi, ya iso gare ni ba saura. Na daɗe ina haɗiye wannan, domin ta ina za ki fara ƙorafi a kan mutumin da kowa ke yabon kirkinsa?

Shekarar 2020 ce ta fito da komai fili. A watan Fabrairu gobara ta cinye masana'antar Apollo Masters da ke Kalifoniya, ɗaya daga cikin guda biyu kacal a duniya a lokacin da ke yin farantin da ake yanka waƙa a kai, ɗayar tana Japan. Bayan 'yan makonni annobar korona ta rufe ko'ina, mawaƙa suka daina wasa, kuma a wurin wasa ne ake sayar da kaso mai yawa na faifan ƙaramin kamfani. Mutane suna zaune a gida, son faifai ya ƙaru, manyan kamfanoni suka cika masana'antu da oda. Aikin da a da ake jira wata biyu ko uku, a 2021 ya koma kusan shekara. Ana ta murna a jaridu cewa faifai ya dawo, har a 2022 yawan wanda aka sayar a Amurka ya zarce na CD karo na farko tun 1987, mu kuwa kuɗinmu suna maƙale a layi. Abin da ya ɗan rufa asiri shi ne ranakun Juma'ar da Bandcamp, shafin intanet da ake sayar da waƙoƙi da faifai, ya fara warewa tun watan Maris na 2020, yana yafe kasonsa. A irin ranar mukan kwana muna naɗe kaya, shi yana liƙa kwali ni ina rubuta adireshi.

A cikin wannan hali ne na buɗe asusun da muke tara kuɗin komawa gida mai faɗi, na tarar an taɓa shi, taɓawa mai yawa. Kundi biyu suna masana'anta an biya, na uku mawaƙan sun gama ɗauka suna jira, mai rarrabawa bai biya ba, sai maigidan ya ɗiba da niyyar mayarwa kafin in lura. Ban yi ihu ba. Na jira yara suka kwanta, na ajiye masa takardar banki a kan teburinsa, a saman lissafin mawaƙan da yake cikin yi.

Ya ce, "Zan mayar, wallahi zan mayar. Da zarar kaya sun iso."

Na ce, "Baban yara, na san za ka mayar. Ba wannan ne ya dame ni ba. Mutumin da ya daina kiɗa tuntuni ka bi shi har ta hannun ɗan'uwansa saboda abin da bai kai kuɗin aika faifai ba. Ni da nake kwana da kai, ka ɗauki namu ba ka gaya min ba. Kowa yana da takardar lissafi a wurinka duk wata shida. Ina tawa?"

Ya yi shiru mai tsawo. Ba mutum ba ne mai kare kansa da surutu. Can ya ce yana ganin ni da shi abu ɗaya ne, shi ya sa bai ɗauke ni a wadda ke bin sa bashi ba. Na ce na gode da wannan, amma abu ɗayan nan da muke, ni ce ɓangaren da kullum ake ɗiba ba a rubutawa. Kuɗi, ɗaki, ƙarshen mako, barcina, duk suna shiga kamfanin, kuma babu layin da sunana yake.

Akwai labarin da yake son bayarwa, na Berry Gordy da ya kafa kamfanin faifan da ya zama shahararren Motown a birnin Ditroit a 1959 da rancen dala 800. Kullum yana ba da shi ne don ya nuna cewa ƙaramin abu yana iya girma. A daren na tuna masa da sauran labarin, wanda shi da kansa ya taɓa gaya min. Daga asusun ajiyar danginsa Gordy ya ranto kuɗin, kuma sai da ya zauna gabansu ya nema, yayarsa Esther ta tsare shi da tambayar yadda zai biya. Na ce ni ma abin da nake so ke nan, a zauna gabana a nema, in yi tambayoyina, in ce e ko a'a.

Ba a dare ɗaya abubuwa suka gyaru ba, amma daga nan ne suka fara. Ya rubuta abin da ya ɗiba a matsayin bashin da gida ke bin kamfani, ya sa shi a littafi ɗaya da na mawaƙa, ya biya shi kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Muka raba asusu, na kamfani daban na gida daban, kuma ba abin da ke tsallakawa sai mun zauna. Ya rage yawan abin da yake fitarwa a shekara, wanda na san ya yi masa ciwo, domin kowane kundin da ya ƙi karɓa mutum ne da ya kalli idonsa ya ce masa ba yanzu ba. Ya fara karɓar oda tun kafin a buga, ta yadda masu saye ne ke ɗaukar wani ɓangare na nauyin. Ya kama ɗan ƙaramin sito, yara suka samu ɗakinsu. Akwai kuma yini guda a mako da wayar kamfani take kwana a aljihun tebur. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi masa wuya, har yanzu wani lokaci nakan ga hannunsa ya nufi wurin ya dawo.

Yarinyar nan ta waƙar fanka, shi ya fitar mata da kundinta na farko da na biyu. Na biyun ya karɓu fiye da duk abin da ya taɓa fitarwa, sai wani babban kamfani ya neme ta da kuɗin da shi ba zai iya tarawa ba ko da zai sayar da duk abin da ke sito. Yarjejeniyarsu ta kundi ɗaya-ɗaya ce, ba abin da ya ɗaure ta. Ta zo har gida, ta zauna a bakin kujera tana murza yatsu. Ta ce, "Yaya, ban san yadda zan faɗa maka ba." Ya ce ya riga ya ji, ta kawo takardun su duba tare. Ya zauna da ita layi bayan layi, ya nuna mata inda za ta rasa mallakar waƙoƙinta, ya nuna mata cewa kuɗin kafin alƙalami bashi ne da za a cire daga kasonta, ya ce kada ta sa hannu sai lauya ya gani. Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Anti, ki ba shi haƙuri." Na ce ta je, Allah ya sa albarka, ba ta yi laifin komai ba.

Bayan ta fita ya ce min haka sana'ar take tun asali, Sam Phillips ma ya sayar wa babban kamfanin RCA kwantiragin mawaƙi Elvis Presley a 1955 kan dala 35,000 don ƙaramin kamfaninsa na Sun ya ci gaba da numfashi. Yana faɗa muryarsa tana rawa. A wannan karon bai shige kwamfuta ya bar ni ina hasashe ba. Ya zauna ya gaya min cewa abin ya yi masa zafi, yana murna da ita yana kuma jin an cire masa wani abu, kuma yana tsoron ba zai sake samun murya irin tata ba. Na saurare shi yadda ya koya min sauraro. Daga baya ya tambaye ni yadda tawa ranar ta kasance, ya kuma ji amsar har ƙarshe.

'Yan'uwana sun sha ce min in sa shi ya bar abin nan, tunda ba ya kawo abin a zo a gani. Na san don suna ƙaunata ne. Amma na ga fuskarsa ranar da kaya suka iso, ya yanka kwali ya zaro na farko ya juya shi a hannu, na kuma karanta wasiƙun da mutanen da ba mu taɓa gani ba suke aikowa daga ƙasashe masu nisa, suna cewa waƙar wane ta raka su jinya ko zaman makoki. Akwai waƙoƙin da ba don shi ba da suna nan a wayar masu su har wayar ta lalace. Ba na son mijin da aka raba da wannan. Abin da na nema, nake kuma ci gaba da nema, shi ne amanar da yake riƙe wa mawaƙa ta haɗa da ni da yaran nan.

Har yanzu muna samun saɓani. A yanzu haka yana so ya sake buga wani tsohon kundi da ya ƙare, mutane suna ta tambaya. Ya kawo min lissafin da kansa, ya nuna min cewa asusun kamfani zai ɗauki rabi, ya nemi gida ya ranta sauran. Na duba na ce a'a, kuɗin makarantar yara yana gaba, ya buɗe oda tukuna mu ga mutum nawa ne za su biya da gaske. Bai ji daɗi ba, ya kuma faɗa min bai ji daɗi ba. Ya buɗe odar, mun yanke cewa in ta kai abin da zai biya masana'anta zuwa ƙarshen wata mai zuwa za a buga, in ba ta kai ba ya mayar wa kowa kuɗinsa a jira baɗi.